Darasi na Tara: Aljinet, Garin Ciyawar Teku da Ke Aiki a Asibiti da Masaƙa

Kaduna tana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga bakin teku, amma akwai wani gari da ake samu daga ciyawar teku wanda yake shiga rayuwarmu ba tare da mun lura ba, domin yana cikin maganin ƙwannafi da ake sayarwa a kyamis, yana kan teburin likitan haƙori, yana kuma cikin wasu kayan ci da muke saya wa yara. Sunansa aljinet.

Inda ake samo shi

Ciyawar da ake nufi wata iri ce mai launin ruwan ƙasa, wadda ta fi yabanya a tekuna masu sanyi, kamar gaɓar Norwe da Faransa da Cile da Kalifoniya ta Amurka, kuma a ƙasar Sin ana nomanta ne a kan igiyoyi cikin ruwa. Wani nau'inta yakan wuce mita 30 a tsayi. Aljinet ɗin da ke jikinta shi ke ba ta laushi da ƙarfi, ta yadda igiyar ruwa za ta yi ta kaɗa ta ba ta tsinke ba. Wani masanin harhaɗa sinadarai ɗan Birtaniya mai suna Stanford ne ya fara fitar da shi a shekarar 1881. A masana'anta ana shanya ciyawar, a niƙa, a jiƙa ta cikin ruwan soda har sinadarin ya narke ya fito, sannan a tace, a busar, ya zama gari fari ko mai ɗan ruwan madara.

Halinsa guda biyu ne, kuma wanda ya riƙe su ya riƙe darasin nan duka. Idan aka dama shi da ruwa yakan yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Idan kuma wannan damammen ya haɗu da kalsiyam, wato sinadarin da ke cikin alli da ƙashi da madara, sai ya daskare ya zama abu mai taushi da za a iya ɗauka da hannu, ba tare da an ɗora shi a wuta ko an sa shi a firji ba.

A wurin likitan haƙori

Duk wanda za a yi wa haƙorin roba sai an fara ɗaukar zubin bakinsa. Ma'aikacin zai auna garin aljinet da ruwa, ya dama da sauri a cikin ƙaramin kwanon roba yana murza shi a jikin kwanon har ya yi sumul, ya cika wani cokali mai siffar muƙamuƙi, ya danna shi a kan haƙora da dasashi. Cikin minti biyu zuwa huɗu ya daskare, domin an riga an gauraya kalsiyam a cikin garin, ruwa kawai yake jira. Da aka zare shi za a ga siffar kowane haƙori, har da giɓi da ɗan tsagin da ke tsakani. Likitoci sun koma ga aljinet ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani sinadarin ciyawar teku da suke samu daga Japan ya yi wuya.

Yanayin garinmu yana taɓa wannan aiki ƙwarai. Ruwa mai ɗumi yana sa shi saurin daskarewa, saboda haka a zafin watan Maris da Afrilu ma'aikaci mai lura yakan nemi ruwa mai sanyi. A lokacin hunturu kuwa busasshiyar iska tana tsotse ruwan da ke cikin zubin ya motse, don haka nan take ake zuba masa filasta, wato wani damammen farin gari da ke sandarewa ya fito da siffar haƙoran. Abin da ake so daga majiyyaci shi ne ya zauna cik, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ya riƙa numfashi ta hanci. Babu zafi a ciki, kuma motsin minti ɗaya yana iya jawo haƙorin da ba zai zauna daidai ba.

Ƙwannafi

Da yawa daga cikinmu, musamman mata masu juna biyu da masu cin yaji da maiƙo da dare, sun san zafin nan da ke tasowa daga ciki zuwa ƙirji. Ruwan tsamin ciki ne ke hawowa hanyar abinci. Mutanenmu sun saba jiƙa kanwa su sha, amma kanwa ba ta da ma'auni, kuma yawanta illa ne. Magunguna irin su Gaviscon suna ɗauke da aljinet tare da bekin soda da alli. Da zarar sun isa ciki, aljinet ɗin ya daskare, sodar kuma ta fitar da kumfa ta ɗaga shi sama, sai ya yi iyo a kan abincin ya tare ruwan tsamin. Wannan ne dalilin da ya sa ake shansa bayan cin abinci da kuma lokacin kwanciya. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna, domin akwai gishirin sodiyam a ciki, kuma a bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da wasu magunguna. Ina roƙonku da babbar murya: idan ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko haɗiya ta yi wuya, ko aka ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi, a tafi asibiti, kada a tsaya a kyamis.

Gyambo da miki

Ana kuma saƙa aljinet ya zama wani laushin ƙyalle da ake ɗorawa a kan miki mai zubar da ruwa, irin gyambon ƙafar masu ciwon suga ko mikin da doguwar kwanciya ke haifarwa. Yana shanye ruwan ya koma taushi, saboda haka wajen cirewa ba ya ɓamɓaro sabon naman da ya fara tsirowa. Bai dace da busasshen miki ba, kuma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya zaɓa.

Atamfa

Dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun san cewa ba a buga zane da tsinkakken rini, sai an ba shi kauri don kada fure ya malale ya shiga maƙwabcinsa. Sitaci, wanda shi ma ake ba rini kauri da shi, yakan kama wasu rinukan zamani ya rage musu haske, aljinet kuwa ba ya kama su, yana riƙe rinin a gurbinsa, sannan ya fita a wanki. Buga yadi yana cikin ayyukan da suka fi cin aljinet a duniya.

Karanta jikin leda da kwalba

A kayan ci ana sa shi kaɗan, misali a askirim don kada ƙanƙara ta yi tsatsa-tsatsa a ciki. A jikin leda za ku ga an rubuta sodium alginate, ko lamba E401, kuma lambobin E400 zuwa E405 duk danginsa ne. Wannan yana da muhimmanci ga mai kiyaye abin da yake ci, domin jelatin, wanda shi ma ake daskarar da abinci da shi, daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, wani lokaci har da na alade, alhali aljinet daga teku yake.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da leda ko kwalba ɗaya ta abinci ko magani wadda babu komai a ciki. Ya nemo wurin da aka jera abubuwan da ke cikinta, ya kwafe su a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin duk lambar da ta fara da harafin E, sannan ya rubuta lambar rajistar NAFDAC da ranar da kayan zai lalace.