Kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi: kurakuran da aka fi yi da manhajojin lissafi

A shekarar 1994 wani malamin lissafi a Amurka mai suna Thomas Nicely ya lura cewa kwamfutarsa mai furosesan Pentium tana ba shi amsar rabawa ba daidai ba. Ya bi diddigi har ya tabbatar cewa matsalar daga furosesan take, kuma daga ƙarshe sai da kamfanin Intel ya ware dala miliyan 475 don musanya wa jama'a. Har yau ana tuna wannan labari ne saboda irinsa ba kasafai yake faruwa ba. Galibin waɗanda ke kukan cewa MATLAB ya daskare, ko Mathematica ta kwana tana juyi, ko Octave ya kawo amsar banza, injinsu lafiya ƙalau yake. Yadda suka gabatar masa da aikin ne ke da gyara. Kuma abin takaici, da yawa sai sun kashe kuɗin sabuwar kwamfuta kafin su gane haka.

Kuskure na farko, wanda sauran suke ɓuya a bayansa, shi ne gyara ba tare da awo ba. Mutum zai ce “aikin yana jan ƙafa”, ka tambaye shi wane layi ne, sai ya yi shiru. A MATLAB da Octave, sa tic kafin ɓangaren da kake zargi, ka sa toc bayansa, za ka ga daƙiƙun da ya ci. In kana son cikakken bayani, rubuta profile on, ka gudanar da aikin, sannan a MATLAB ka kira profile viewer. Zai jero maka kowane layi da lokacin da ya ɗauka da sau nawa aka kira shi. A Mathematica akwai AbsoluteTiming. Sau tari za ka tarar layi ɗaya ko biyu ne suka cinye kusan duk lokacin, kuma ba su ne waɗanda ka zata ba. A lokaci guda danna Ctrl da Shift da Esc, ka buɗe Task Manager ka duba abu uku: furosesa, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta), da faifan ajiya. Wanda ya cika maƙil a cikinsu shi ne zai nuna maka inda za ka dosa.

Jerin da ke girma a cikin zagaye

Wannan kusan kowane ɗalibi ya taɓa yin sa. Ka fara da x = [], ka shiga zagayen for, wato umarnin maimaita aiki, kowane juyi kana liƙa masa lamba ɗaya a ƙarshe. A ido ba laifi. Amma manhajar tana ajiye jerin lambobi ne a wuri guda a jere cikin RAM, don haka idan wurin ya cika sai ta nemi wani mafi faɗi ta kwashe komai ta mayar can. Kamar mai auna hatsi ne wanda duk ƙarin mudu ɗaya sai ya ɗauko sabon buhu ya juye na da a ciki. A juyi ɗari ba za ka ji komai ba. A juyi miliyan kuwa ka shiga uku.

Maganin layi ɗaya ne: ka tanadi wurin tun farko da x = zeros(1,n), inda n shi ne tsawon jerin, sannan ka riƙa cikewa. AppendTo a Mathematica ciwonsa ɗaya da wannan. Yi amfani da Table, ko Reap da Sow idan ba ka san tsawon jerin ba tukuna. Haka np.append yake ga masu Python.

Wanda ya fi wannan ma shi ne ka kauce wa zagayen gaba ɗaya inda zai yiwu. MATLAB, wanda Cleve Moler ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1970, don matiriks, wato lambobi jere a layuka da ginshiƙai, aka gina shi, shi ya sa y = sin(x) a kan lambobi miliyan a dunƙule ya fi kiran sin sau miliyan sauri. Sai dai kada a wuce gona da iri. Tun daga fitowar R2015b zagayen for na MATLAB ya yi sauri sosai, kuma na sha ganin mutum ya murɗe aikinsa har shi kansa ba ya iya karantawa, don kawai ya ji an ce zagaye ba kyau. A Octave dai bambancin yana nan da girmansa, can kam a guje shi.

Ƙaramin abu amma mai cin rai: mantawa da waƙafi mai ruwa (;) a ƙarshen layi. Idan babu shi, manhajar za ta zuba maka dukkan sakamakon a allo, kuma rubuta lambobi miliyan a allo yakan fi lissafa su daɗewa.

Neman amsa tsantsa inda ta kusa ta wadatar

A nan ne masu Mathematica da Maple da SageMath suka fi faɗawa. Waɗannan manhajoji suna bambanta 1/3 da 0.333. Na farko ƙima ce tsantsa, kuma za su riƙe ta haka komai tsawon lissafin. Ka ce a tara 1/k daga 1 zuwa 100,000, Mathematica za ta kawo maka amsa mai sama da ƙasa, kowannensu lambobi dubbai. Ba ta yi kuskure ba, abin da ka nema ke nan. Ka rubuta 1.0/k kuwa, ko ka naɗe abin da N tun daga tushe, sai amsar ta fito nan take da ɗigonta. Haka idan ka ba ta babban matiriks na cikakkun lambobi ka ce ta juya shi, wato ta nemo inverse ɗinsa: za ta yi ta fama da rabe-raben da ke ƙara kumbura a kowane mataki.

A MATLAB irin wannan yana zuwa ne ta hanyar syms, umarnin lissafi da alamomi maimakon lambobi. Mutum zai samo ikweshon ɗinsa da alamomi, abin da ya dace, sai kuma ya shiga zagaye yana kiran subs sau dubbai don saka lambobi. Abin yi shi ne, da zarar ka samu siffar ikweshon ɗin, ka mayar da shi aikin lambobi da matlabFunction, ka ci gaba da wannan.

Akwai kuma maimaita aikin da an riga an yi. Misalin da aka fi sani shi ne jerin Fibonacci: ka rubuta f[n_] := f[n-1] + f[n-2] a Mathematica, tare da f[1] = f[2] = 1, ka nemi f[40], manhajar za ta kira kanta sama da sau miliyan 200, tana sake lissafa abu ɗaya. Ka mayar da shi f[n_] := f[n] = f[n-1] + f[n-2], sai ta riƙa tuna abin da ta samu, aikin ya ƙare kafin ka ɗaga yatsa.

Idan RAM ta cika

Lissafin nan kowa zai iya yin sa a ka, amma kaɗan ne suke yi. Kowace lamba mai ɗigo ta yau da kullum tana cin bayit 8. Matiriks mai layi 10,000 da ginshiƙi 10,000 ya ƙunshi lambobi miliyan 100, wato megabayit 800. Kai shi 30,000 kowane gefe, ya zama gigabayit 7.2, shi kaɗai, ba a ma fara aiki da shi ba. Kuma lissafi kamar C = A*B yana buƙatar wuri don ukun duka. Kwamfutar da ke da gigabayit 8, wadda Windows da burauza suka riga suka ci rabonsu, ba za ta ɗauka ba. Wani lokaci ta faɗa maka kai tsaye cewa wuri ya ƙare. Wani lokaci kuma, wanda ya fi muni, ta koma aron wuri a faifan ajiya, sai ka ga linzami ma ya daina motsi. Alamarsa a Task Manager ita ce RAM a cike, faifai a ɗari bisa ɗari, furosesa kuma yana zaman banza.

Kafin ka nufi kasuwa, tambayi kanka ko matiriks ɗin nan yawancinsa sifili ne. A aikin injiniyoyi, kamar lissafin yaɗuwar zafi ko ƙarfin gini, kusan kullum haka yake. Matiriks mai 30,000 ɗin nan, idan layuka uku na tsakiya masu bi daga kusurwa zuwa kusurwa ne kaɗai ke da ƙima, lambobinsa na gaske ba su kai 90,000 ba, kuma da sparse ko spdiags, waɗanda ba sa ajiye sifilin, bai kai megabayit 2 ba. Daga gigabayit 7.2! A Mathematica sunansa SparseArray. Umarnin whos zai nuna maka wane ne ke cinye wurin, clear kuma ya kori waɗanda ka gama da su. Idan ka yi duk wannan wurin bai isa ba, to a nan ƙarin RAM ya halatta, kuma yawanci ya fi sauya furosesa amfani da araha.

Wani abin da ke tafiya tare da wannan shi ne inv(A)*b. A aji an koya mana cewa idan A*x = b, to x daidai yake da juyin A sau b, sai mu rubuta shi yadda yake a allo. Rubuta A\b. Ya fi sauri, amsarsa ta fi inganci, kuma juyin matiriks mai yawan sifili yakan fito a cike, ya rusa duk tanadin da ka yi. Ka kuma riƙe cewa aikin warware cikakken matiriks yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da ka ninka girmansa sau biyu. Wanda ya ɗauki minti ɗaya a 5,000 zai nemi wajen minti takwas a 10,000. Ba lalacewa ba ce.

“Amsar ba daidai ba ce”

Rubuta 0.1 + 0.2 == 0.3 a MATLAB ko Python, za su ce ƙarya ne. Jimlar da suka samu ita ce 0.30000000000000004. Dalili kuwa, kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.1 ba ya ƙarewa a wannan tsari, yadda 1/3 ba ya ƙarewa a namu. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan duk furosesa ke bi, tana ba ka lambobi 15 zuwa 16 ne masu tabbas. Shi ya sa sin(pi) yake fitowa 1.2246e-16 maimakon sifili. Don haka kada ka gwada lambobi masu ɗigo da ==; duba ko tazararsu ta gaza wani ɗan ƙaramin ma'auni, kamar abs(a-b) < 1e-10. Zagayen while da ke jiran x ya zama daidai 1 ta hanyar tara 0.1 zai iya wuce shi ya yi ta tafiya har a ɗauke wuta.

Kada a raina wannan ɗan bambanci. A ranar 25 ga Fabrairun 1991, a Dhahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami saboda guntun kuskuren 0.1 da ya taru a agogonta cikin kusan awa 100, har ya kai wajen sulusin daƙiƙa. Sojojin Amurka 28 suka mutu.

Idan kuma manhajar ta yi gargaɗin cewa matiriks ɗinka ya kusa zama marar juyi, kada ka share gargaɗin ka kwafi amsar. Kira cond(A). In ya ba ka wajen 1e12, wato 1 mai sifili 12, to kusan lambobi 12 daga cikin 16 ɗinka sun tafi. Sauran kurakuran wannan fanni na gaggawa ne: sin(30) radiyan yake nufi, mai son digiri sai sind, alamomin * da .* ba ɗaya ba ne; Excel kuma duk lambar da ta wuce guda 15 sifili yake mayar da ragowar.

Sai sunaye. Ka kira wani abu sum, daga baya ka nemi sum(x), MATLAB ya watso maka jan rubutu, domin ka danne aikinsa da naka. Umarnin which -all sum zai tona asirin, clear sum ya gyara. A Mathematica haruffan C, D, E, I, N da O suna da masu su, don haka fara sunayenka da ƙaramin harafi. Idan abin da ya yi aiki jiya ya ƙi yau, mai yiwuwa wata tsohuwar ƙima ce ta maƙale. Kashe kernel ɗin, wato ɓangaren manhajar da ke yin lissafin, ka gudanar da komai daga sama.

Inda injin ke da hannu

Yawan ƙwayoyin furosesa ba ya taimakon zagayen da aka rubuta don ƙwaya ɗaya. In ka ga furosesa ya tsaya a kashi 12 ko 13 bisa ɗari a inji mai zare takwas, wato mai iya gudanar da ayyuka takwas a lokaci guda, ɗaya ne ke aiki, bakwai na kallo. Sai ka raba aikin da parfor ko ParallelTable, shi ma in juyin ba su dogara da juna ba. Katin hoto mai tsada ma haka: MATLAB ba ya taɓa shi don lissafi sai ka tura bayanan da gpuArray, sai katin NVIDIA ne, sai kuma kana da Parallel Computing Toolbox.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne ƙura da zafi. Buɗe murfin kwamfutar tebur da ta shekara a ofis bayan hunturu, za ka ga ƙura ta yi kirtani a fanka, ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya furosesa. Furosesa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Alamarsa ita ce aiki ya fara da sauri, bayan 'yan mintuna ya lafa, fanka na ta kuka, musamman a bazara. Kashe ta, zare waya, hure ƙurar, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen in ya bushe, kuma a janye ta daga jikin bango. Duba tsarin wuta na Windows ma, kada ya kasance a kan tanadin lantarki.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, don haka duk aikin da zai wuce awa ɗaya a sa masa save a cikin zagayen, ya riƙa ajiye inda ya kai bayan kowane juyi ɗari ko dubu, tare da lambar juyin, yadda in wuta ta dawo za a ɗora daga nan. UPS na ba ka 'yan mintuna ne na rufewa, ba na ƙarasa lissafi ba. Masu kwafin manhaja na bayan fage kuwa, wanda aka fasa makullinsa, su sani cewa irinsa yakan zo da ɓoyayyen shiri mai cin furosesa. Octave kyauta ne kuma yana karanta yawancin rubutun MATLAB. SageMath da Maxima da R su ma kyauta ne.

In duk ka bi waɗannan abin ya ƙi, sai neman taimako, kuma “ba ya aiki” ba tambaya ba ce. Rage aikin zuwa layi goma ko ashirin da har yanzu ke nuna matsalar, ka kwafo saƙon kuskuren kalma da kalma maimakon hoton allo da aka ɗauka da waya, ka faɗi fitowar manhajar, wadda ver ko $Version za su nuna maka, da yawan RAM ɗinka da girman matiriks ɗin.