Yadda ake gane ciwon farfelar jirgi kafin a kai ta wajen mai walda

Na koyi gyaran injin jirgin ruwa a Yawuri, bakin Kwara, inda farfelar sitenles kan yi shekaru tana ƙyalli kamar sabon kwano. Sai da aiki ya kai ni Legas na ga yadda ruwan gishiri ke mayar da ita mai zanzana. Abin da na lura shi ne, ramukan da ke fitowa a jikinta iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Masu jirgi da yawa sun biya kuɗin walda sau biyu don ba su bambance ba.

Da farko kwance farfelar, ka wanke ta da sabulu, ka fito da ita rana. Kada ka duba ta tana jikin inji.

In ramukan sun taru wuri guda a bayan fiffike, wato ɓangaren da ke kallon jirgin, wurin ya yi kaushi kamar an watsa masa yashi, to wannan shi ne na farko, cin kumfa. Farfela na juyawa, ƙarfin matsin ruwa ya ragu a bayanta, ƙananan kumfa su taso su fashe a jikin ƙarfen, suna ɓantararsa kaɗan-kaɗan. Bi bakin fiffiken da farce. Galibi za ka ji 'yar tsaga ko lanƙwasa daidai gaban wurin, inda ta taɓa bugun dutse ko kututture. Goge bakin ya daidaita, cin ya tsaya. In ka cike ramin ka bar tsagar, ka yi aikin baban giwa.

Na biyu shi ne cin gishiri, kuma shi ya fi yaudara. Sitenles ba ya tsatsa ne saboda sinadarin kuromiyom da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, yana huda fatar nan. Inda iska ke kaiwa, fatar kan warke da kanta. Inda ba ta kaiwa, kamar ƙarƙashin noti, cikin cibiyar farfela, ko inda zaren kamun kifi ya naɗe, ramin sai ya yi ta ci. Bakinsa kamar na allura, cikinsa kuwa kamar tulu, sau da yawa da ɗan jan hawaye na tsatsa a ƙasansa. Na taɓa sa tsinke a wani da na raina, ya shige ya kusa ɓullowa ɗaya gefen. Jirgin wata biyu ya yi a ɗaure, ƙafar injin na cikin ruwa.

Na uku laifin zubi ne. Yawancin farfelun nan da kaki ake fara siffanta su, a lulluɓe da wata irin laka, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe. Duk wanda ya san masu zubin tukunya ya san yadda iska kan maƙale ta bar kogo. Irin wannan rami zagayayye ne, cikinsa sumul, babu tsatsa, kuma yakan bayyana a sabuwar farfela ko bayan an goge ta. Ɗaya ko biyu a tsakiyar fiffike ba sa hana ni barci. Amma in sun yi jeri a gindin fiffike, inda yake haɗuwa da cibiya, mayar wa mai shago kayansa tun ba ta sha ruwa ba. Nan ne duk nauyin yake, a nan ne kuma take karyewa.

Don gano tsagar da ido bai kama ba, akwai jan ruwan feshi da ake sayarwa, amma dabarar tsofaffi na aiki: shafa kananzir, bar shi ya jiƙa kamar minti 15, goge tas, sannan ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai tsattsafo ya zana layi a kan allin. Ka kuma rataye farfelar da igiya ka ƙwanƙwasa kowane fiffike da sifana. Mai lafiya kan yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga kan ce ƙwas.

Wajen gyara, kada ka yarda a taɓa ta da burushin ƙarfe ko faifan girinda da aka goge baƙin ƙarfe da shi, domin burbushinsa zai maƙale ya haifar da sabuwar tsatsa. A rarake ramin har a kai ƙarfe mai kyau, a cike da waldar agon (wadda ake yi da iskar gas ta agon) da sandar sitenles, a goge, a duba nauyin fuka-fukan ya zo daidai, in ba haka ba girgiza za ta kashe maka silin giya, wato robar da ke hana ruwa shiga akwatin giyar injin.

Kafin ka mayar, duba ɗan ƙarfen sadaukarwa da ke ƙafar injin, wanda ake sawa don ruwa ya ci shi a madadin sauran. Wanda aka yi da tutiya na ruwan gishiri ne, a ruwan daɗi irin na tafkin Kainji kuwa na maganiziyom ya fi. Kada a yi masa fenti, in ya cinye rabi a sauya, don farfelar sitenles tana sa alminiyon ƙafar inji saurin ciwuwa. Shafa giris a sandar da farfelar ke hawa, ɗaure noti, in an dawo daga teku a ɗauraye da ruwan daɗi a ɗaga ƙafar injin sama.