Yadda ake ceto mazubin darma bayan gobara ta ci gida

A Amurka akwai maharba da masu wasan harbi da ke narka darma su zuba kan harsashinsu da kansu, cikin wani ɗan mazubi mai ɓari biyu da bai fi akwatin ashana girma sosai ba. Kamfanonin Lyman da RCBS na baƙin ƙarfe suke ƙerawa, Lee na alminiyam, wasu ƙananan maƙera kuma na tagulla. Tsofaffi irin na Ideal da Hensley & Gibbs an daina yin su, shi ya sa in gobara ta tashi za ka ga mai su durƙushe cikin toka yana tono. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, amma mazubin ƙarfe da ake zuba darmar birgi ko ta fatsa da shi, gyaransa iri ɗaya ne da wannan.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, sau da yawa ba wutar ce ke kashe mazubi ba. An yi shi ne don zafi, kullum darma mai digiri 350 zuwa 400 na ma'aunin Celsius yake sha. Ruwan 'yan kwana-kwana da hayaƙi su ne ke ƙarasa shi. Robar wayar lantarki da bututun roba in sun ƙone suna fitar da iskar da ke zama asid da zarar ta haɗu da danshi, garin tukunyar kashe gobara ma yana cin ƙarfe. Mazubin da ya fita lafiya ranar gobara, in ya kwana uku cikin jiƙaƙƙiyar toka, sai ka tarar tsatsa ta fara ɓula raminsa. Don haka da zarar an ba da izinin shiga gidan, da su za a fara. A sa takalmi mai tauri da safar hannu da takunkumi mai kyau, domin inda ake ajiye mazubi nan darma take, ƙurarta kuwa guba ce.

Kafin a ɗauke mazubi, a dubi abin da ke kusa da shi, maƙwabtansa za su faɗi zafin da ya sha. Darma tana narkewa a digiri 327, alminiyam a wajen 660, tagulla sai ta haura 900, baƙin ƙarfen zubi kuwa sai wajen 1,150. In dunƙulen darmar da ke kan kanta bai ko lanƙwashe ba, hayaƙi da ruwa kawai mazubin ya sha. In darma ta malale amma tukunyar alminiyam na nan da siffarta, na ƙarfe da na tagulla galibi za su tashi. In kuwa ka ga alminiyam ya zama kududdufi a daɓe, to na Lee sai haƙuri, sauran ma da shakka. Kada shuɗin launi ya tsorata ka, ƙarfe yana yin shuɗi tun a digiri 300, a bakin aiki ma haka yake yi. Abin tsoro shi ne baƙin ɓawo mai ɓarewa kamar sallen kifi, wannan naman ƙarfen ne ya ƙone.

Wankin farko na kashe asid ne. Ruwan ɗumi lita ɗaya, ɗan sabulun wanke-wanke, cokali ɗaya na bekin soda, a goge da buroshin goge baki, a ɗauraye. Na alminiyam kada ya wuce minti biyar a ciki. Sai a busar nan take da zafi kaɗan, kamar digiri 100 na rabin awa, ba a cikin tandun abinci ba. In mazuban suna da yawa, gyara ba zai samu a ranar ba, a nutsa na ƙarfen cikin kananzir a rufe, za su jira makonni ba su ƙara lalacewa ba. Kowane ɓari a ɗaure shi da ɗan'uwansa da waya. Ɓari biyun tare aka yanke raminsu, na wani ba ya hawa na wani ko da lambarsu ɗaya.

Kwancewa ita ce inda gaggawa ke ɓarna. Akwai sukurun da ke riƙe farantin sama, wanda ke yanke wutsiyar darma, akwai kuma waɗanda ke riƙe mariƙi. A ɗiga musu man kwance tsatsa, ko haɗin man giyar mota da asiton (ruwan sinadari mai narkar da maiƙo) rabi da rabi, a bar su kwana ɗaya ko biyu. A duba gefe tukuna, wasu suna da ƙaramin sukuru mai kulle babban, in ba a sassauta shi ba sai a cinye zaren. Bakin sukudireba ya cika tsagar daidai. In ɓari biyun sun manne, kada a cusa wuƙa ko sukudireba tsakaninsu. A buga mahaɗar mariƙin da guntun katako a hankali har su saki. Washa mai tsalle da wuta ta taɓa ta riga ta mutu, a saya sabuwa. Ƙotar katako kuwa kowane kafinta zai fere wata.

Tsatsar na baƙin ƙarfe hanya biyu ake bi mata. Ta farko ruwan cire tsatsa marar asid irin Evapo-Rust, a jiƙa awa shida zuwa kwana ɗaya, dukkan ƙarfen ya nutse, domin inda ya leƙo sama layi yake fitowa. Ta biyu lantarki: bokitin roba, ruwa lita huɗu, cokali ɗaya na soda ash irin ta masu haɗa sabulun ruwa, da cajar batirin mota mai bolt 12. Baƙar waya a jikin mazubi, jar waya a jikin wani guntun rodi, kada su taɓa juna. In ka juya wayoyin, mazubin ne zai ci kansa. Kada a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodin, yana sa ruwan ya zama guba, kuma a yi a fili saboda iskar da ke tasowa tana kama wuta. Khal, wato binega, ma yana cire tsatsa, amma ba ya bambance ta da lafiyayyen ƙarfe, yana dakusar da kaifin bakin rami. Ba mu ba da shawararsa.

Alminiyam da tagulla ba sa shiga waɗannan. Sodar yin sabulu narkar da alminiyam take yi, amoniya kuma tana sa tagulla ta tsage. Sabulu da buroshi da asiton sun ishe su.

Cikin ramin kuwa doka ɗaya ce: abin da ya fi mazubin tauri ba ya shiga. Abin da ke shiga shi ne tsinken sakace, auduga, tsinin fensir. Darmar da ta narke ta manne a fuska, a ɗumama ɓarin a goge ta da tsumman auduga mai kauri ko a kankare da gefen dunƙulen darma. A bi siraran layukan da ke fuskar da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ta nan iska ke fita lokacin zubi, in sun toshe darma ba ta cika kusurwa.

Yanzu a haɗa ɓari biyun a ɗaga su wajen hasken taga. In haske ya ratso ta mahaɗa, a fara zargin datti ko fil ɗin da ke daidaita su ya goce, ana iya mayar da shi da ɗan bugu. In an gyara wannan haske bai tafi ba, ƙarfen ya karkace. Mutane kan ce bari su goge fuskar da samfefa, alhali duk abin da aka ci daga fuska daga faɗin ramin aka ci, abin da zai fito ba zai ƙara zama kewayayye ba. Farantin sama ne kaɗai ake gogewa: samfefa mai lamba 400 sannan 600 a shimfiɗe kan gilashi, har ƙasansa ya kwanta.

Gwajin ƙarshe zubi ne. A wanke mai da asiton tas, a ɗumama mazubin sosai, domin ɗigon ruwa ɗaya a rami yana watso narkakkiyar darma a fuska. A sa tabarau. A zubar da goma ko ashirin na farko. Tamoji alamar sanyi ce ko ragowar mai, fari-fari kamar gishiri zafi ne ya yi yawa, siririn fiffike a mahaɗa kuwa ɓarin ba su rufe ba. A auna faɗin abin da aka zuba da maikiromita, ma'aunin ƙanƙanin kauri, ta wuri uku. Darmar birgi ba ta damu da ɗan bambanci ba, amma masu harbi kan daina aiki da mazubin da bambancinsa ya haura kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato milimita 0.025. Wanda ya ci jarrabawa, a shafe shi da mai tun da ɗuminsa, domin ƙarfen da aka cire wa tsatsa tsirara yake, cikin awa guda zai iya sake yin ja. A ajiye shi cikin akwati mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.