Darasi na 9: Daga Madara Zuwa Abinci Mai Tauri

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki wajen Ibraniyawa 5:12-14. Lambar farko, wato 5, ita ce sura. Lambobin da ke bayan ɗigo biyun su ne ayoyi. Ibraniyawa tana kusa da ƙarshen Sabon Alkawari, bayan Filimon. Wanda bai same ta ba ya duba jerin littattafan da ke farkon Littafin, akwai lambar shafi a gaban kowane suna. Kada na kusa da ku ya buɗe muku. Ku nema da hannunku, aji zai jira ku.

Malami zai karanta sau ɗaya, sa'an nan kowa ya bi shi a hankali.

A ayoyin nan faɗa ake yi wa masu bi, faɗa irin na uba. An ce musu ai yanzu ya kamata a ce su ne ke koyar da wasu, amma har yau sai an sake koya musu abubuwan farko. Madara suke sha, ba su kai ga abinci mai tauri ba. Iyaye mata da ke ajin nan sun fi kowa gane wannan. Nono shi ne ran jariri, ba mai raina shi. Amma in lokacin yaye ya yi ya wuce, yaro ya ƙi kunu, ya ƙi tuwo, hankalin gida duka sai ya tashi.

Ku sake duban aya ta 14. Ta faɗi ko su wane ne manya: waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu, har suna iya rarrabe nagarta da mugunta. Ba a ambaci furfura ba, ba a kuma ƙidaya shekarun baftisma ba.

Wannan magana tana da nauyi, 'yan'uwa. Mutum yana iya yin shekara 30 a ikkilisiya, bai taɓa fashin Jibin Ubangiji ba, ya haddace rabin Littafin Waƙoƙi, amma ranar da fasto ya wuce bai gaishe shi ba sai ya daina zuwa sujada. Wata tana gaba-gaba a Zumuntar Mata, ganga da tulu duk ta iya, amma rabon da ta yi magana da matar ƙanen mijinta tun rabon gado. Bulus ya ga irin wannan a Koranti. Ikkilisiyar nan tana da baye-baye iri-iri, tana da masu iya magana. Duk da haka a 1 Korantiyawa 3:1-3 ya kira su jarirai, shaidarsa kuwa ita ce kishi da jayayya da ke tsakaninsu. A ganina nan ne ya kamata kowannenmu ya fara auna kansa, tun kafin ya duba ko ayoyi nawa ya sani.

Labarin Yohanna Markus

Markus ɗan gidan masu bi ne a Urushalima. A gidan uwarsa Maryamu ake taruwa ana addu'a, can ne ma Bitrus ya nufa daren da ya fito daga kurkuku. Da Bulus da Barnaba suka tashi tafiyarsu ta farko ta kai bishara, suka ɗauke shi mataimaki. Suna isa ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su, ya koma gida.

Da za a sake tafiya, Barnaba ya ce a tafi da shi. Bulus ya ce sam, wanda ya gudu ya bar aiki ba za a sake ɗaukarsa ba. Gardama ta yi zafi har manyan nan biyu suka rabu. Bulus ya tafi da Sila, Barnaba kuwa ya ɗauki Markus suka haye zuwa Kubrus. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni 15:36-40.

Shekaru suka wuce. Bulus yana ɗaure, ya san kwanakinsa sun ƙarato, sai ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen aiki. Ku nemi 2 Timoti 4:11 ku gani da idonku. Saurayin da ya gudu ya zama wanda ake nema a ranar wuya. Tun zamanin dā kuma ikkilisiya ta riƙe cewa shi ne ya rubuta Bisharar Markus. Ku lura, ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Ya sami Barnaba da ya riƙe shi lokacin da ba wanda yake so, Bulus ma bai ji kunyar sake ra'ayinsa a kansa ba. In akwai wanda ya faɗi a ikkilisiyarku, aka sa shi ƙarƙashin horo, wa yake zuwa gidansa?

Abin da karatu zai yi muku

An buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa a shekarar 1932. Likita Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya, yana cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar. Tun daga lokacin Maganar tana cikin harshen da muke ciniki da shi a kasuwa, amma da yawa cikinmu sai ranar Lahadi muke jin ta daga bakin wani. Ba laifinku ba ne in ba a sa ku makaranta ba, zuwanku ajin nan kuwa abin yabo ne.

Yau masu wa'azi sun yi yawa, a rediyo, a waya, a tashar mota. Wani zai sayar muku da mai ko ruwa ya ce Allah ne ya umarta. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, ko Bulus da kansa ba su karɓi maganarsa ido rufe ba. Kowace rana suna bin Littattafai su ga ko haka ne, aka kuwa yabe su a kan haka. Wanda ya iya karatu yana iya cewa, "Malam, don Allah a wace sura take?"

Sai dai karatu kaɗai bai isa ba. Yaƙub 1:22 ta ce mu zama masu aikata Maganar, kada mu tsaya ga ji. Matiyu 5:23-24 ta kawo misalin da ba wuyar ganewa: in ka kawo baiko, ka tuna ɗan'uwanka yana riƙe da kai a zuciya, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna.

Aikin aji

Ku buɗe Galatiyawa 5:22-23. Akwai halaye 9 da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Ku kwafe su a littafin rubutunku, kowanne a layinsa. Ku kula da lanƙwasar ƙ a ƙauna da haƙuri, ta bambanta da k ta kirki. Bayan haka ku ja layi a ƙarƙashin wanda mutanen gidanku za su ce ya fi ƙaranci a wurinku. Ba sai kun nuna wa kowa ba.

Sa'an nan ku zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, ku tattauna: da ku ne Barnaba, me za ku faɗa wa Markus a cikin jirgi kan hanyar Kubrus?

Aikin gida

Bisharar Markus sura 16 ce, ita ce mafi gajarta cikin bisharu huɗu. Ku fara sura ta 1, aya biyar kowace safiya, da murya, kafin a fita gona ko kasuwa. In kalma ta gagare ku, ku sa mata alama da fensir, ku tambayi ɗa ko jika, ko ku kawo ta aji. Bayan kowane karatu ku rubuta layi ɗaya: abin da za ku yi yau saboda abin da kuka karanta.

Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ba sa ga maciji da juna, ya je ya gaishe shi kafin ranar Lahadi. In zuwa shi kaɗai zai yi wuya, ya roƙi dattijon ikkilisiya ko uwar zumunta su raka shi.