Al'ada ta ɗauke miki? Kar ki sha komai sai kin bi waɗannan matakan

Ƴar uwa, indai kin yi ɓatan wata to abu na farko ki sayi tsinken gwajin ciki a kemis ki gwada da fitsarin safe, ko da kuwa kina ganin ai ba zai yiwu ba. In ya nuna akwai, sai ki fara awo. Amma in da ciwon mara mai tsanani ta ɓari ɗaya, ko jiri, ko ɗigon jini, ki tafi asibiti a ranar, don ciki yana iya zama a wajen mahaifa kuma wallahi wannan yana kisa.

In babu ciki sai ki ƙirga. Wata 3 a jere ga wadda ta saba gani kan lokaci, ko wata 6 ga wadda dama nata yana mata wasa, to ya isa a ga likita. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara ba ita ma a kai ta, balle in duk wata tana murƙususun ciwon mara babu jini, wani lokacin hanyar ce a toshe jinin na taruwa a ciki.

Kafin ki je ki zauna ki tuna. Kina shayarwa? Kina allurar tazara ta wata uku ko an sa miki ashana a hannu? Waɗannan suna ɗauke jini kuma ba wai taruwa yake a mahaifa ba kamar yadda ake faɗa, hankalinki ya kwanta. Kin rame sosai ko damuwa ta miki yawa? Nono na fitar da ruwa alhali ba kya goyo? Wannan alamar sinadarin prolactin ne, mai sa nono ya kawo ruwa, ya hau. Gashi a haɓa da ƙuraje da ƙiba kuma sun fi nuna PCOS, wato matsalar rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita kan lokaci. Ki faɗa wa likita in an taɓa miki wankin ciki, ko kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa daga nan ruwan nono bai zo ba al'ada ma shiru, duk ki faɗa kar ki ji kunya. Yawanci za a ɗebi jini a duba sinadarin thyroid (ƙullin da ke gaban wuya) da sauran sinadarai, a yi sikanin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne komai a ce sanyi ne, ko a ce ciki ne ya kwanta, mace ta shekara biyu tana jiran ya tashi tana ɗura jar kanwa da jiƙe-jiƙe, alhali lokacin da ya kamata a nemo matsalar yana wucewa. In ƙwai ya daina aiki kafin shekara 40 sinadarin mata na estrogen yana ƙasa, ƙashi ya yi ta lalacewa a hankali ba ki sani ba sai an samu karaya. Mai PCOS kuma bangon mahaifarta yana ta kauri in ba ya zuba, shekaru na tafiya haɗarin kansar mahaifa na ƙaruwa, ga wahalar samun haihuwa.

Wadda ta haura 45 tana jin zafi na taso mata da gumin dare, wataƙila lokacin tsayawar jinin al'ada ne ya zo. Amma in ya shekara cif da ɗaukewa sai kuma ki ga jini, ko ɗigo ne, ki je a duba ki.