Yadda Ake Ziyartar Ƙaramin Ƙauyen Tsibiri da Kewayensa

Duk wanda ya ƙudiri aniyar ziyartar ƙaramin ƙauye a wani tsibiri na yankunan zafi, ya kamata ya sani tun daga gida cewa yanayin teku ne zai tsara masa kusan komai. Jirgin ruwan da zai kai shi, da hanyar da zai bi ya zaga tsibirin, har da ranar da zai fito, duk suna rataye ne da ruwa da iska.

Mataki na farko shi ne zaɓar lokacin tafiya. A yankin Karibiyan, lokacin manyan guguwoyi yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin tekun Fasifik kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. A gaɓar gabashin Afirka, inda Zanzibar da Lamu suke, ana samun mamakon ruwan sama tsakanin Maris da Mayu. Manyan jirage kan jure irin wannan yanayi, amma ƙananan da ke zuwa ƙauyuka su ne ke fara dakatar da zirga-zirga, don haka araha da ake samu a masaukai a wannan lokaci tana da dalilinta.

Bayan haka sai batun lafiya da takardu. Wasu ƙasashen suna neman katin rigakafin cutar shawara daga matafiyin da ya fito daga inda cutar take, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A tuntuɓi likita a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro idan akwai shi a wurin da za a je. A kuma lura cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro shi kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da man shafawa mai korar sauro. Mai shan magani kullum ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙari, domin ƙauyen yana iya kasancewa ba shi da kantin magani.

Wajen haɗa kaya, a rage nauyi. Jakar goyo ta fi akwati mai taya amfani, domin taya ba ta tafiya a cikin rairayi, kuma a wurare da yawa babu matsayar jirgi, sai dai fasinja ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin ruwa da kayansa a ka. A sa fasfo da waya a cikin leda mai ƙulli. A canji kuɗin ƙasar tun a babban gari, a nemi ƙananan takardu, saboda da wuya a samu na'urar cirar kuɗi a ƙauye, mai sayar da kaya kuma ba lallai ya samu canjin babbar takarda ba. Kada a manta da tocila, domin kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu rana kan faɗi da misalin ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira.

Ranar tsallakawa, a fi son jirgin safe, domin a wurare da yawa iska kan ƙaru da rana. Kafin a shiga, a duba ko akwai rigunan kariya daga nutsewa, a kuma dubi yadda jirgin ya zauna a ruwa. Idan lodi ya danne shi har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, gara a haƙura a jira na gaba, ko da kuwa za a kwana. A nan ba a jin kunya.

Idan an sauka, a fara da mai masauki, a tambaye shi ladubban gari kafin a fara yawo. A ƙauyukan Fiji, alal misali, baƙo kan fara kai gaisuwa wurin shugaban ƙauye kafin ya shiga harkarsa. A tsibiran Maldibs da mutane ke zaune, waɗanda aka ba izinin buɗe ƙananan masaukai a 2009, ana sa ran baƙo ya suturta jikinsa a cikin gari. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. A kuma yi tsimin ruwan daɗi, domin ƙananan tsibirai da yawa sun dogara ne da ruwan sama da ake tarawa a tankuna, kuma wankan baƙo ɗaya yana iya cinye abin da gida guda zai yi girki da shi.

Zagaya kewayen ƙauyen shi ne inda aka fi bukatar natsuwa. A yawancin gaɓoɓi teku kan cika sau biyu ta janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ma'ana, hanyar rairayin da aka bi a bushe yau da ƙarfe tara, bayan 'yan kwanaki ruwa ne zai shafe ta a wannan lokacin. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A gabashin Zanzibar ruwa kan janye da nisa sosai, mutum ya yi ta tafiya yana kallon ƙananan kifaye a cikin kududdufai, ya manta cewa ruwan da zai dawo ba ta gabansa kaɗai zai biyo ba, yakan fara cika kwaruruwan da ke bayansa. Saboda haka a tambayi masunta lokacin dawowar ruwa, a juyo tun da sauran awa guda, a kuma faɗa wa mai masauki inda aka nufa.

A sa takalmi mai kauri a irin wannan tafiya, domin murjani, wato wani abu mai kama da dutse da ke girma a cikin teku, yana yanka, rauninsa kuma ba ya saurin warkewa, sannan akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu. Wanda zai yi iyo ya tambayi inda 'yan gari ke yi. Idan ya ji ruwa yana jan sa zuwa tsakiyar teku, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga jan. Idan kuwa ƙasa ta girgiza, ko aka ga teku ta janye farat ɗaya ba a lokacinta ba, kamar yadda aka gani a wasu gaɓoɓi kafin ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, to a haye tudu nan take. Kayan tsarabar da aka yi da ƙoƙon kunkurun teku kuma a bar su inda aka gan su, domin dokar ƙasa da ƙasa ta hana cinikinsu, kuma ana ƙwace su a filin jirgi.

Game da komawa, a samu matuƙin jirgi da kansa da yammacin ranar da ta gabata, a ji daga bakinsa lokacin tashi da wurin da zai tsaya, domin janyewar ruwa tana iya sa ya ɗauki fasinja a wani ɓangaren tsibirin. A kuma baro ƙauyen aƙalla kwana guda kafin ranar jirgin sama, a kwana a babban gari.