Yadda Ake Bin Diddigin Muhawarar Majalisar Birtaniya Ba Tare da Kanun Labarai Sun Ruɗe Ka Ba

Wanda ya tsaya ga kanun labarai kawai a ranar 29 ga Nuwamba 2024, zai iya rantsewa Birtaniya ta halatta wa likita ya taimaka wa mara lafiya ya kashe kansa. Ba haka aka yi ba. Majalisar Wakilai ce ta amince da karatu na biyu na ƙudurin 'yar majalisa Kim Leadbeater, da ƙuri'a 330 a kan 275. Dokar 1961, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga duk wanda ya taimaki wani ya kashe kansa, ba a taɓa ko harafinta ɗaya ba a ranar. Batun rai bai kamata a yi masa gaggawa ba, kuma ɗan jarida ko malami ko ɗalibin da zai yi wa jama'a bayani, wajibi ne ya san inda ake dubawa.

Fara da gano matakin da ƙudurin yake. Shiga bills.parliament.uk ka rubuta sunansa yadda yake da Turanci, Terminally Ill Adults. Matakan ba baƙi ba ne ga wanda ke bibiyar majalisar Abuja ko ta Accra: karatu na farko, wanda sanar da suna ne kawai, sai karatu na biyu inda ake tafka muhawara kan manufar, sai kwamiti, sai rahoto ga zauren majalisa, sai karatu na uku. Daga nan a miƙa wa Majalisar Dattawa, ita ma ta bi su daga farko. Sai majalisun biyu sun daidaita kan rubutu ɗaya tak sannan Sarki ya amince ya zama doka.

A nan yawancin masu rahoto ke tuntuɓe, domin ƙuduri ba ya zama yadda ya shigo. A shafin za ka tarar da kwafi fiye da ɗaya, kowane da kwanan watansa, to ka ɗauki na ƙarshe. Kwafin Nuwamba 2024 ya ce sai alƙalin Babbar Kotu ya amince da buƙatar mara lafiya. Kwamitin mutum 23 da ya bi shi layi-layi a farkon 2025 ya cire wannan, ya maye gurbinsa da zaman mutum uku: babban masanin shari'a, likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Wannan canji ba ƙarami ba ne, don alƙalin nan shi ne katangar da aka yi ta nuna wa masu shakka. Da aka zo karatu na uku ranar 20 ga Yuni 2025, ƙuri'a ta tashi 314 da 291, tazara ta sauko daga 55 zuwa 23. Ka kuma riƙe sharuɗɗan da kyau: shekara 18 zuwa sama, hankali cikakke, cutar da likitoci biyu suka tabbatar ba za ta bar mara lafiyar ya wuce wata shida ba, kuma shi zai sha maganin da kansa. Asalin ƙudurin na Ingila da Wales ne. Scotland tana da majalisarta, kuma ɗan majalisarta Liam McArthur ya kai nasa daban a can.

Sai ka tambayi kanka: na gwamnati ne, ko na ɗan majalisa ɗaya? Na Leadbeater nata ne, ta samu damar ne saboda sunanta ya fito na farko a ƙuri'ar da ake jefawa a farkon zango. Irin wannan ƙuduri lokacinsa ƙanƙane ne, yawanci Juma'a 13 a zango guda, daga 9:30 na safe zuwa 2:30 na rana. Masu adawa na iya jan magana har agogo ya buga, sai dai in an nemi rufe muhawara, kuma hakan ba ya yiwuwa sai aƙalla mutum 100 sun goyi baya. A Majalisar Dattawa, inda Lord Falconer ya ɗauki ƙudurin, kowace gyara da aka gabatar tana da hakkin a saurare ta, kuma an jibge masa fiye da 1,000. Idan zango ya ƙare ba a kammala ba, ƙudurin ya faɗi ke nan, ko da ba a kayar da shi da ƙuri'a ba. Saboda haka ka riƙa duba kalandar majalisa kamar yadda kake duba sakamakon ƙuri'a.

Abin da kowa ya faɗa yana cikin Hansard, kundin da ake rubuta muhawarar majalisa, a hansard.parliament.uk. Rubutun yakan fara hawa shafi kamar awa uku bayan an yi maganar. Ba kalma-da-kalma ba ne ɗari bisa ɗari, ana cire maimaici da tuntuɓen harshe, don haka in za ka sa maganar mutum a baka, gwada ta da bidiyon parliamentlive.tv. 'Yan majalisa ba sa kiran juna da suna sai da mazaɓa, wakiliyar Spen Valley ita ce Leadbeater. Rubuta kwanan wata da lambar shafin da ke gefe, da su wani zai iya tabbatar da abin da ka ruwaito. Mai son kallo kai tsaye ya lura da agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, 9:30 a Landan 10:30 ce a Kano da Zinder, sauran watannin kuwa lokacin ɗaya ne.

Jerin masu ƙuri'a yana votes.parliament.uk. Kujeru 650 ne, amma kada ka yi tsammanin lissafi ya cika. Kakakin majalisa da mataimakansa uku ba sa jefawa, 'yan jam'iyyar Sinn Féin ta Ireland ta Arewa ba sa zama, masu ƙidaya biyu na kowane ɓangare ba a haɗa su cikin jimilla, kuma ba a bambanta wanda ya ƙaurace da wanda ba ya nan. Kada kuma ka ce jam'iyyar Labour ce ta goyi baya. An sakar wa kowa mara ya bi zuciyarsa. Keir Starmer, Firayim Minista a lokacin ƙuri'ar, ya amince, amma ministocinsa na lafiya da na shari'a a lokacin, Wes Streeting da Shabana Mahmood, sun ƙi.

Haraji yana da tasa hanyar. Ministar kuɗi Rachel Reeves ta karanta kasafi ranar 30 ga Oktoba 2024, amma jawabi ba doka ba ne. Wasu canje-canje kan fara aiki nan take a ƙarƙashin wata dokar wucin gadi ta 1968, sauran sai ƙudurin kuɗi ya wuce, shekarar haraji kuma 6 ga Afrilu take farawa. Majalisar Dattawa ba ta da ta cewa sosai a nan, tun 1911 aka ƙayyade cewa ba za ta riƙe ƙudurin da aka tabbatar na kuɗi ne zalla fiye da wata ɗaya ba. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ƙarin kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya, daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari. Ba za ka same shi a ƙudurin kuɗi ba, da ƙudurinsa na daban ya zo.

Cinikin makamai kuwa, majalisa ba ta jefa ƙuri'a kan lasisi ko ɗaya. Gwamnati ke bayarwa ta wani sashe a ma'aikatar kasuwanci, bisa dokar kula da fitar da kaya ta 2002, majalisa sai dai ta yi tambaya. Ranar 2 ga Satumba 2024 David Lammy, ministan harkokin waje a lokacin, ya shaida wa majalisa an dakatar da lasisi kusan 30 cikin kusan 350 na kai wa Isra'ila kaya, amma dakatarwar ba ta shafi kayan jirgin yaƙi F-35 da ke shiga rumbun haɗin gwiwa na duniya ba. Wanda ya rubuta cewa an daina sayar wa Isra'ila makamai, ya faɗi abin da ba a yi ba. Cikakken bayani yawanci yana cikin amsoshin tambayoyin da aka yi a rubuce, a questions-statements.parliament.uk, kowace da lambarta, na Dattawa suna farawa da HL. Idan ka buɗe alƙaluman da ake fitarwa duk wata uku, ka sani kuɗin da ke jikin lasisi shi ne iyakar abin da aka yarda a fitar, ba abin da aka kai ba. Akwai kuma buɗaɗɗen lasisi wanda ba a rubuta masa adadin kuɗi, saboda haka tara alƙaluman ba zai ba ka ainihin girman cinikin ba. A nan muna ganin 'yan majalisa da 'yan jarida suna da hujjar matsa wa gwamnati lamba, don ana magana ne kan kayan da ke kashe mutane.

Horar da alƙalai na yawan fitowa a muhawara, musamman kan shari'o'in cin zarafin mata a gida, kuma kusan kullum amsar minista ɗaya ce: wannan hurumin ɓangaren shari'a ne. Ba zillewa yake yi ba. Dokar garambawul ta 2005 ta ɗora nauyin a kan Babban Alƙalin Ingila da Wales, muƙamin da Baroness Carr ta hau a Oktoba 2023, kuma Kwalejin Alƙalai da aka kafa a 2011 ke gudanar da horon. Mai neman sanin abin da ake koya musu ya duba rahoton shekara na kwalejin a judiciary.uk, tare da shaidar da Babbar Alƙalin ke bayarwa a gaban kwamitin shari'a na majalisa.